Kalmar da Kane ya mutu da ita

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Orson Welles, wanda ya fito da Citizen Kane a 1941 yana ɗan shekara 25, kamar don ya musa wannan magana ya shirya fim ɗin.

Attajiri Charles Foster Kane, mai gidajen jaridu, ya cika a katafaren gidansa, kalmarsa ta ƙarshe "Rosebud". Aka tura ɗan jarida Thompson ya binciko ma'anarta. Ya karanta rubutun da mariƙin Kane ya bari, ya zauna da manajansa, da amininsa da suka ɓata, da matarsa ta biyu, da babban baransa. Kowa ya ba shi Kane ɗin da ya sani, ya dawo hannu rabbana.

Welles da mai ɗaukar hotonsa, Gregg Toland, sun sa na kusa da na nesa su fito tar a hoto ɗaya. Dubi inda uwar Kane ke sa hannu a takardar miƙa shi ga wani mai banki: ita a gaba, uban a gefe yana ta ƙorafi, can ta taga kuma yaron na wasa cikin dusar ƙanƙara, bai san ana yanke masa makoma ba. Komai a fili, amma ido bai kai zuci ba.

Sai a ƙarshe, ma'aikata na ƙona tarkacen mamacin, aka ga sunan "Rosebud" a jikin katakon zamiyar da yaron ke wasa da shi ran nan. Ba wanda ya lura sai mai kallo. Welles ya ara masa ganin da ba a ba ɗan Adam a kan ɗan'uwansa ba. Mai imani zai ce sanin abin da ke ƙirji na Allah ne, mutane da zahiri suke hukunci. Ko katakon ma bai faɗi dalilin da ya sa Kane ya tilasta wa matarsa waƙar opera har ta nemi kashe kanta ba.

Mai gidajen jaridu William Randolph Hearst, da ya ga kansa a cikin Kane, ya hana jaridunsa tallata fim ɗin. Kyautar Oscar ɗaya fim ɗin ya samu cikin tara da ya yi takararsu, amma daga 1962 zuwa 2002 masu sharhin da mujallar Sight and Sound ke jin ra'ayinsu shi suka riƙa sawa a gaba. Da allon hana shiga da ke jikin shingen gidan Kane aka buɗe fim ɗin, gare shi kuma kyamara ta koma kafin a rufe.