Iliya a Gindin Itace: Kalma ga Masu Fama da Ciwon Daji na Nono

Karatun yau: 1 Sarakuna 19:1-18

Maganar yau ta 'yan'uwanmu mata ce waɗanda ciwon daji na nono ya kama, da masu karɓar magani yanzu, da waɗanda suka gama. Amma kada maza su juya shafin, gama akwai rabonku a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Ke nan ba baƙon abu ba ne. Yana cikin majami'unmu, sai dai yakan zauna a kujerar baya, a lulluɓe da mayafi, ba ya ɗaga murya.

Kowa ya san Iliya na sura 18. Shi kaɗai ya tsaya a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a, wuta ta sauko. Bayan fari na shekara uku da rabi aka yi ruwan sama. Yara a makarantar Lahadi suna son wannan labari. Amma ku buɗe sura 19. Yezebel ta aiko masa da saƙo cewa kafin war haka gobe zai mutu. Mutumin da bai ji tsoron sarki Ahab ba ya tashi a guje har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Ku lura da lokacin. Iliya bai faɗi a tsakiyar yaƙi ba. Bayan nasara ya faɗi.

'Yar'uwata, wataƙila kin gane wannan hanya. Lokacin da kike kan magani, kwanakinki a cike suke. Akwai ranar aiki, akwai ranar ƙarin ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake ce wa kemo, wanda sau da yawa ake maimaitawa bayan kowane mako uku. Akwai amai, da zubewar gashin kai, da baƙin farce, da bakin da ya ƙi jin daɗin miya. In likita ya ce sai an yi gashi da na'ura, ga tafiya kuma. A Nijar sai a shekarar 2021 aka buɗe wurin yin wannan gashi na farko, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, kafin nan kuwa sai an fita ƙasar waje. Matar da ta taso daga Damagaram tana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabanta, ga neman masauki na makonni, ga tunanin yaran da ta bari. An sayar da awaki, an sayar da hatsi, wasu har gona. Duk da haka kin tsaya, domin akwai abin yi gobe, akwai kuma mutane kewaye da ke.

Sai ranar da aka ce an gama. Zumuntar mata suka zo barka, aka yi waƙa, aka ba da shaida ranar Lahadi, kowa ya koma gidansa. Ke kuwa dare ya yi, kika kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ɗan tari, sai zuciya ta ce ya koma huhu. Ciwon baya irin na kowace mace mai daka, sai zuciya ta ce ya shiga ƙashi. Mako guda kafin ranar komawa asibiti abinci ba ya shiga. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya fi ciwo shi ne ba ki iya faɗa wa kowa, domin kin riga kin tsaya gaban jama'a kin ce Allah ya yi. In kika ce kina jin tsoro, za a ce ina bangaskiyarki?

Bari mu ga yadda Allah ya bi da bawansa a gindin itacen nan.

Bai tsawata masa ba. Bai tuna masa da wutar Karmel don ya kunyata shi ba. Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ya tashe shi, ga gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sake dawowa da abinci sau na biyu, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Har nan babu wa'azi ko ɗaya. Ni da nake mai wa'azi, wannan yana koya mini in riƙe bakina. Allah da ya gina jikin mutum ya san cewa wani lokaci abin da ake kira karayar zuciya, rabinsa gajiya ce da yunwa da rashin barci.

Haka yake da ke. Jikin da ya sha wuƙa da kemo da gashi yakan ɗauki watanni kafin ƙarfinsa ya dawo, wani har fiye da shekara. In an ba ki ƙwayar tamoxifen, wadda akan sha shekara 5 zuwa 10 ga irin ciwon da ke cin abinci daga sinadarin jikin mace, tana iya kawo zafin jiki farat ɗaya da gumin dare da sauyin hali. Wannan aikin magani ne, ba aljani ba ne, ba kuma alamar Allah ya rabu da ke ba ce. Kada ki daina sha da kanki, ki koma ki gaya wa likita. In an cire kaluluwar hammata, hannun wannan gefe yana iya kumbura ko bayan shekaru. Ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna a wurin girki, in kuwa ya fara nauyi ki nuna shi da wuri. Ki ci abin da ya samu, ki huta ba tare da jin kunya ba. Matar da ta kwanta da rana bayan irin wannan jinya ba raguwa ba ce.

A nan zan yi magana da ba kowa zai so ba. Akwai masu zuwa gidan mara lafiya su ce in tana da bangaskiya ta zubar da magani, ta bar zuwa asibiti. Wasu suna ɗauke da Littafi Mai Tsarki a hannu, wasu da ƙullin sassaƙe. Ku karanta 2 Sarakuna 20. Allah da kansa ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawari ya zo, magani kuma ya zo, ba su yi faɗa da juna ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Mata da yawa a ƙasashenmu suna isa asibiti bayan ciwon ya riga ya fashe ya bazu, sau da dama domin an ɓata watanni ana zagaye. Wanda ya hana mace magani da sunan Yesu zai ba da lissafi. Haka kuma mai cewa zunubinta ne ya jawo. A Yohanna 9 almajirai sun kawo irin wannan zargi a kan makaho, Ubangiji ya kawar da shi. Ciwon nan ba ya yaɗuwa ta ƙwarya ko tabarma ko gaisuwa, ba kuma jifa ba ne. Ku ci tare da ita a kwano ɗaya.

Da ƙarfin abincin nan Iliya ya yi tafiyar kwana 40 har Horeb, ya shiga kogo. A can ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya zazzage cikinsa: ya yi himma, an karya alkawari, an kashe annabawa, shi kaɗai ya rage, shi ma ana neman ransa. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, Ubangiji ba ya cikinsu. Sai wata 'yar murya a hankali. Allah ya sake yi masa tambayar, Iliya kuwa ya maimaita kukansa kalma bayan kalma, bai canza kome ba. Wannan wuri yana ba ni mamaki kullum. Ya ji muryar Allah, amma tsoronsa yana nan. Allah kuma ya saurara sau biyu.

Saboda haka ki faɗa. Ki faɗa wa Allah yadda abin yake, ba yadda kike tsammani ya kamata mai bi ta faɗa ba. In jiya kin faɗa, yau ma ki sake. Ki ce kina tsoron barin 'ya'yanki a hannun wata. Ki ce in kin cire riga ba ki son kallon ƙirjinki. Ubangiji Yesu a Getsamani bai ɓoye baƙin cikinsa ba, sau uku ya kai roƙo ɗaya gaban Uba, ya kuma nemi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi. In shi ya nemi abokan zama a daren tsoro, wace ce ke da za ki ce sai ke kaɗai?

Akwai abu ɗaya da Iliya ya yi kuskure a kai, shi ne cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Tsoro yakan rage lissafi. Yakan tuna miki da wadda aka binne bara, ya mantar da ke wadda aka yi wa aiki shekara goma da suka wuce, tana nan tana aurar da jikoki, ba ki ma sani ba domin ta ɓoye. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ke da kika haye, ki bari a sani, ko da mace ɗaya ce kawai za ki gaya wa. Wadda aka ba takardar sakamako jiya ta fi bukatar ganin fuskarki a kan jin wa'azina. In kuma wata ta raɗa miki cewa ta taɓa ƙullutu a nononta, ki gaya mata yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma gwaji ne kawai zai nuna, ki ɗauki mayafinki ki raka ta.

Maigida, ga naka. Matarka ta rasa sashen jikinta, tana kuma kallon idonka don ta ga ko ta rasa ka. Alkawarin da ka yi mata a gaban ikilisiya bai ware kwanakin ciwo ba. In danginka suna zuga ka, kai ne za ka tsaya. Ka raka ta ranar gwaji. Ka ɗebo ruwa, ka ɗauki abin da ya yi wa hannunta nauyi. In ta farka da kuka tsakar dare, kada ka ce ai an gama. Ka zauna kawai.

In kuwa duhun ya wuce mako biyu, ba ci, ba barci, ba sha'awar kome, ko tunanin raba kanki da duniya ya fara zuwa, wannan ciwo ne shi ma, yana da magani. Ki gaya wa likita, ki gaya wa fastonki ko matarsa yau. Iliya ya furta nasa da baki, shi ya sa muke da labarinsa.

Ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Akwai waɗanda ciwon ke dawo musu, masu addu'a ne kuma, masu aminci. In ke ce, har yanzu akwai abin da asibiti za su iya yi don rage zafi da ƙara kwanaki masu sauƙi, karɓar maganin zafi mai ƙarfi kuwa ba rashin haƙuri ba ne. Begenmu yana kan Almasihu wanda ya tashi da jiki, tabon ƙusoshi suna nan a hannuwansa, ya nuna wa Toma su ba tare da kunya ba.

Yezebel tana da rai lokacin da Allah ya ce wa Iliya ya koma ta hanyar da ya fito. Barazanar ba ta gushe ba tukuna. Sai dai an ba shi aiki, ya shafe Hazayel da Yehu da Elisha, aka kuma ba shi abokin tafiya. Ya sami Elisha yana huɗa da shanu, ya jefa masa alkyabbarsa. Ke ma ki ɗauki ɗan aikin da ƙarfinki zai kai wannan mako. Ki koma ƙungiyar mawaƙa ko da a zaune za ki yi, ki duba littafin makarantar ɗiyarki, ki rubuta ranar komawa asibiti a bango inda maigida zai gani.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ga 'yarka da ke jiran sakamakon gwaji, ga wadda ke kan mota zuwa Yamai da takardu a jaka, ga wadda barci ya ƙi mata a daren nan. Ka aiko musu da mai taɓa kafaɗa da mai kawo abinci. Ka ba likitoci da masu jinya hikima, ka buɗe hanyar kuɗin magani ga wadda ta rasa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.