KA CI GUMINSA, SANNAN KA CI NAMANSA?



Duk sanda aka ambaci 'yan fim a wannan shafi, tambaya ɗaya ake yi mini: Malam, sana'ar nan halal ce ko haram? Malaman zamani sun yi saɓani. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun halatta bisa sharuɗɗa, kamar suturta jiki, nisantar keɓancewa da tsabtar saƙo. Ni yau ba kan ɗan wasan zan yi magana ba. Kanmu zan yi, mu masu kallo.

Bari mu fara da yadda rayuwar take. Tun zamanin su Samanja da Ƙasimu Yero a talabijin, zuwa fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, har zuwa Daɗin Kowa na Arewa24 da finafinai masu dogon zango na YouTube, mafi yawan 'yan wasa ba albashi gare su ba. Ana kiran mutum ne, ya yi fitowarsa, a sallame shi. Babu fansho, babu wani kaso idan an sake haska fim ɗin. Da kasuwar faifai ta mutu, masu tura finafinai a waya suka mamaye, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Jarumai ƙalilan ne ke hawa manyan motoci. Sauran, wanda ya fito a maigadi, da wadda ta fito a uwa, kowa ya san fuskarsu amma ba wanda ya san me suka ci da dare.

Za ku tuna a 2022, dattijuwa Ladin Cima ta bayyana a hirarta da BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim 'yan dubbai ne kawai. Wasu masu shirya fim suka musa. Ni ban zo yanke hukunci tsakaninsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da suka fi ɗaga murya a lokacin, da yawansu ba su taɓa biyan ko sisi don kallon halastaccen kwafi ba.

To ɗan uwa, ga inda maganar take. Ɗayan biyu ne.

Idan ka yi imani fim haramun ne, me ya zaunar da kai da iyalinka gaban talabijin bayan isha'i? Me ya sa kake ƙona data a kai? Kallonka ne ke kawo talla, talla ke kawo kuɗi, kuɗi ke sa a ci gaba. Ba ka da bakin tsine wa mai dafawa alhali cokali na hannunka.

Idan kuwa kana ganin wanda kake kallo mai tsabta ne, to mai yin sa ma'aikaci ne, yana da haƙƙi. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Wannan ya hau kan furodusa kai tsaye. Amma kai ma da ka karɓi kwafin sata, ka tambayi zuciyarka.

Sai abu na biyu, wanda ya fi muni: mutunci. Da an ce 'yar fim, sai bakuna su buɗe, a jefe ta da alfasha babu shaida ko ɗaya. Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. Ku duba ayar, ba ta cire kowace sana'a ba. Suratul Hujurat kuma ta kamanta giba da cin naman ɗan uwa matacce. Fitowa a talabijin ba ta mayar da naman Musulmi halal.

Wani zai ce, wai Malam kare su kake yi? A'a. Ɓarnar da aka yi a fili, kamar rawar banza da shigar tsiraici, za mu ci gaba da inkarinta a fili. Amma inkarin aiki daban, yaga rigar mutuncin mutum daban. Na farko nasiha ne, na biyu zalunci ne.

Saboda haka, idan ka ga sanarwar wani tsohon ɗan wasa yana kwance a asibiti ana neman taimako, kada ka rubuta "ƙarshen ɗan fim ke nan". Ka taimaka in kana da hali, ka yi addu'a in ba ka da shi. In duka biyun sun gagare ka, ka yi shiru.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu da harsunanmu, Ya shiryar da mu baki ɗaya. Wallahu a'alam.