Tawakkali ne ko Ganganci?

Jama'ar Zango, manya da yara, ga tambaya. A zamanin nan akwai Turawa masu sayar da gida, su tare cikin ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, suna kewaya duniya da kuɗi kaɗan. Samarinmu suna sha'awa. Shin wadar zuci ce, ko ganganci?

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu sukan shekara suna noman auduga a Jazira ta Sudan, kana su shiga sambuk daga Sawakin zuwa Jidda. Tun 1183 Ibn Jubairu ya haye tekun nan cikin jirgin da aka ɗinke da igiyar kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya.

A ganina ƙarancin kuɗi ba aibu ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun ce matalauci mai ƙarfin tafiya, mai sana'ar da za ta ci da shi a hanya, hajji ya hau kansa. Amma mutanen Yaman da suka riƙa fita hannu wofi da sunan tawakkali, su isa Makka suna bara, an umurce su da yin guzuri.

To, saurayi, in jirgi ya fara yoyo, ka iya gyara? Iyalin da ka bari a Kumasi fa, wa zai ci da su?