Duwatsu Goma Sha Biyu

Ɗana, na gan ka ran Lahadin godiyar kaka. Ka shigo da buhun masara a kafaɗa, zumuntar mata suna kaɗa tulu, kana takawa har gaban bagadi. Na ji daɗi ƙwarai, domin ka san Allah ne ya ba da damina. Amma zauna, akwai maganar da na daɗe ina ajiye maka.

Ka je gonar nan ka dawo lafiya. Ka yi sujada ƙofar majami'a a buɗe, babu mai ce maka yi shiru. Wannan ma albarka ce, kuma ba a tsince ta a hanya ba. A yau ɗin nan akwai 'yan'uwanmu da suka bar gonakinsu ga ciyawa saboda 'yan bindiga, su za su faɗa maka darajarta.

Ka tuna abin da Joshuwa ya yi da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun. Ya sa mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, suka ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal. Dalili? Don wata rana yaro ya gani ya yi tambaya, uba kuma ya ba shi labari. Allah ya san halinmu: ciki ya cika, sai mantuwa ta shigo.

Mu ma muna da namu dutsen, ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka kwanta dama. A ranar ce yaƙin basasar ƙasarmu ya ƙare a 1970, bayan wata 30 ana zub da jini. Ƙanin mahaifina yana cikin waɗanda aka zuba a jiragen ruwa a Oktoban 1967 don su haye Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha. Bai kai gaɓa ba. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Matarsa ta yi shekaru tana tashi da asuba tana suyar ƙosai, da shi ta raini yara huɗu, kuma ban taɓa ganin ta fasa baiko ba. Idan na tuna da shi nakan tuna da yaran da yunwa ta kashe a ɗaya ɓangaren, waɗanda iyayensu mata suka yi kuka ga Ubangijin nan da muke kira. Kada ka cire su daga addu'arka.

Kai mai bi ne, ya kamata ka fi kowa gane wannan. 'Yancinka daga zunubi kyauta ka karɓa, amma a kan gicciye aka biya shi. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Sauran taran ba mugaye ba ne, sauri kawai suke yi su koma gida.

A ikilisiyarku akwai gwauruwar nan mai zama a bencin baya, wadda mijinta ya faɗi a bakin daga a Barno. Kafin ka rufe rumbu bana, auna mata rabonta, ka kai da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Ka tafi da ɗanka. In kun zauna, ka tambaye ta sunan mijin, ka bar ta ta yi magana har ta gama.