Agogon Murhu da Agogon Ƙasa

A ɗakin girkin babban gidan cin abinci, lokaci mallakin baƙo ne. Da zarar baƙo ya zaɓi abin da zai ci, dole nama da miya da ganye su nuna tare, su bar murhu a minti guda, ko da kowannensu yana hannun mutum dabam. Kuku yakan wuni a tsaye cikin zafin wuta da ƙarar tukwane da tsawar na gaba da shi, kuma kuskure ɗaya ya isa ya shafe aikin yini. To, idan irin wannan mutum ya fita daji ya sami natsuwa, gudu ya yi daga aikinsa, ko kuwa wani darasi ya je ɗauka wanda murhu ba ya koyarwa?

Wannan matsi yana da tarihi. Auguste Escoffier, Bafaranshen da ya yi wa sojoji girki a yaƙin 1870, shi ya tsara ɗakin girki tamkar rundunar mayaƙa, musamman bayan ya kama aiki a otal ɗin Savoy na Landan a 1890. Shugaba a sama, mataimakinsa na biye, sannan mai miya, mai kifi, mai gashi, kowa da wurin tsayuwarsa. Tsarin ya kawo sauri da tsafta, amma ya zo da halin bariki. Daga baya kundin Michelin, mai auna gidajen abinci da taurari, ya ƙara nauyi, domin masu bincikensa a ɓoye suke zuwa. Kowane faranti ya zama jarrabawa ke nan. A watan Fabrairun 2003, Bernard Loiseau, kuku mai taurari uku, ya kashe kansa a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin zai rasa ɗaya. Ba a ɗora mutuwar mutum a kan dalili guda, sai dai lamarin ya tilasta wa masu sana'ar su dubi farashin suna.

Iyalin Bras sun bi wata hanya. Michel Bras ya kafa gidan abincinsa a kan tudun Aubrac, ƙasar makiyaya a kudancin Faransa. Girkin da ya yi fice da shi haɗin ganyaye ne da furanni da saiwoyi masu yawa, wanda ke sauyawa gwargwadon abin da ƙasa ta bayar a ranar. Gidan ya sami taurari uku a 1999. A Satumbar 2017 ɗansa Sébastien ya roƙi a cire su daga kundin, domin yana son ya yi girki ba tare da fargabar mai bincike ba. An amsa masa, amma a 2019 aka mayar da shi da taurari biyu. Duniya ba ta sakin wanda ta riƙe cikin sauƙi.

Me tudu ya koya wa mutumin da ya girma a cikinsa? A gaban murhu, gaggawa tana biya, har kuku ya soma zaton komai yana bin umarninsa, kuma duk abin da ya lalace laifinsa ne. Tsiro kuwa ba ya jin tsawa. Ba a ƙara wa damina wuta don ta yi sauri, kuma itace ba ya ba wanda ya zauna a inuwarsa maki. A nan mutum ke tuna iyakarsa: wankewa da yankawa da lura suna hannunsa, amma nunar 'ya'yan itace da hukuncin mutane ba sa hannunsa. Rarrabe waɗannan biyu shi ne tushen natsuwa. Wanda ya dawo da wannan sani bai gudu ba, ya gyara ma'auninsa ne.

Amma akwai hanzari. Bras mai gida ne, tudun kuma a bakin ƙofarsa yake. Yaron da ke wankin tukwane a otal, a Paris ne ko a Kano, ba shi da tauraron da zai mayar, wani lokaci ma ba shi da ranar hutu. A ce masa ya je ya sha iska, alhali an cinye yininsa da darensa, izgili ne. Gaskiya ne mai haƙuri yakan dafa dutse, amma bai dace mai gida ya riƙa jefa wa yaransa duwatsu a tukunya yana yabon haƙurinsu ba.

Saboda haka darasin daji ya fi hawa kan shugaba. Manomi ya san gonar da ba ta hutawa takan gaji, shi ya sa yake barin ta saura har ta farfaɗo. Shugaban da ya yarda ƙasa tana da haƙƙin hutu, ya kuma hana shi ga mai yanka masa albasa, ya ga daji da ido, amma bai karanta shi ba.