Salsalar Gidan Mai Jaki

A garin Kimba, cikin ƙasar Jega, akwai wani gida da kowa ke kira Gidan Mai Jaki. Maigidan, wani Alhaji ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ba abin da ya tsana kamar wannan suna. Allah ya buɗa masa ta hanyar albasa. Yakan saye ta a Aliero tana araha, ya adana, in ta yi tsada ya loda wa manyan motoci zuwa Legas. Ya rushe zauren ƙasa ya gina na siminti, ya sa ƙofar ƙarfe, amma ko yaro aka aiko da saƙo, sai ya tsaya bakin ƙofar ya tambaya ko nan ne Gidan Mai Jaki.

Ana nan, sai mai unguwarsu ya rasu, abokai suka zuga Alhaji ya nemi sarautar. Wani maroƙi da ya ji ƙishin-ƙishin ya tare shi wurin ɗaurin aure a Maiyama, ya ɗaga murya ya ce ai Alhaji Ba'are ne, Malam Abdussalami na Gimbana, almajirin Shehu Usmanu, shi ma Ba'are ne, ɗansa Buhari kuwa shi ya kafa Jega, saboda haka jini ɗaya ne. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya ba shi. Da ya dawo ya sayi sabon littafi, ya rubuta a shafin farko cewa asalinsu Gimbana. Sauran shafukan ya bar su sai ya ji daga bakin kakarsa.

A cikin makon nan wani baƙo ya sauka a masallacin unguwa, da mace da yara da tabarmi a naɗe. Daga wajen Gummi ya fito, 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Liman ya kai shi wurin Alhaji, ya ce bawan Allahn nan aron gona yake nema, ga damina ta ƙarato, ga kuma gonar Alhaji ta tudu, mai tsamiya a tsakiya, ta shekara biyu ba ta ga fartanya ba. Alhaji ya ba baƙon kuɗin cefane, ya ce batun gona kam a yi haƙuri. Gonar gado ce, kuma baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Bayan isha'i ya ɗauki littafinsa ya shiga ɗakin kakar. Tsohuwa ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma baki na nan. Ta ce lale da maigida, yau kuma da takarda aka zo zance? Ya ce Inna, salsalar gidan nan yake so, daga sama har ƙasa. Ta ce ita daga ƙasa take hawa, don nan ta fi sani.

Ta fara da ubansa. Ta ce shekarar babban fari, da rumbu ya koma wurin kwanan kaji, shi ne ya tafi cin rani Aliero yana saurayi, ya yi ta ban ruwa a lambun wani mutum. Mutumin ya koya masa renon albasa, da zai dawo ya ƙulla masa iri a tsumma. Alhaji ya rubuta 1973 a gefe, bai rubuta tsumman ba.

Ta hau kan zancen mijinta. Ta ce shi Kumasi ya nufa, ya yi dako a kasuwar goro, wani mai masauki a Zango ya riƙe shi kamar ƙaninsa. Da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, a bayan babbar mota ya dawo, da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai, ita ce ma ke rataye can. Alhaji ya rubuta 1969, ya ce a wuce gaba.

Ta ce gaba sai surukinta, wanda ta tarar da tsagar Arawa a kumatunsa, ta kuma daka masa fura har ya bar duniya. Mutumin Dogon Dutsi ne, a ƙasar Nijar. Shekarar da fara ta cinye gero, wato 1931, Faransawa ba su sassauta haraji ba, ga aikin dole. Sai ya ɗora wa jakinsa ƙwarya da tabarma, matarsa da goyo, suka biyo ta Kangiwa da Birnin Kebbi har kasuwar Jega. Can ya riƙa ɗaukar wa mutane kaya a kan jakin, ana ba shi abin da ya samu. Wata rana wani manomin Kimba ya sa shi ya kawo masa kaya gida. Da ya ga halin da suke ciki, ya share musu zaure, ya ba su dami uku, ya nuna musu gona.

Alhaji ya tambaya, kafin shi fa? Ta ce kafin shi ubansa, manomi, kafin wannan kuma wani manomin. Ya ce to Gimbana fa? Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ambaci Gimbana a gidan nan ba, amma in maroƙi ya ce haka, ai riga ce ta yi magana. Kuma shi Malamin da ake jingina da shi, ba baro ƙasar Gobir ya yi ya zauna Gimbana ba, har aka bi shi can da yaƙi? Ta ce ita dai duk wanda ta ji labarinsa, da ƙafa ya zo.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce ko za a bar zancen jakin nan, tunda littafin fada za shi. Ta ce alƙalami a hannunsa yake, ya cire abin da ya ga dama. Sai dai in ya cire jaki, ya haɗa da gonar tsamiya, don tare suka shigo gidan. Ta ce da kaka ta yi, surukinta ya loda wa jakin dami ya kai wa mai gonar, mutumin ya ce ya mayar. Shekara ta zagayo ya sake kaiwa, mutumin ya sake korar sa, ya kira shaidu ya ce gona ta zama tasa. Bashin kuma ba shi za a biya ba, a ajiye wa wanda zai zo yadda surukin ya zo. Tsohuwa ta gyara zaninta, ta ce mata sun gaya mata wai an yi baƙi a masallaci. Sai ta juya ta fuskanci bango.

Daren nan Alhaji bai runtsa ba. Ya zauna a zauren siminti, littafi a buɗe a gabansa. Ya duba shafin farko, ya ga layi ɗaya mai kyau da zai iya karantawa gaban kowa. Ya duba na biyu, ya ga shekaru uku a jere, ba sarki, ba malami, sai mai ban ruwa da ɗan dako da mai jaki. Ya lissafa abin da zai faru in ya ba baƙon gona: abokan takara za su ce ya jawo wa unguwa wanda ba a san asalinsa ba. Ya lissafa kuma in ya hana: ba mai cewa uffan, don waɗanda suka shaida maganar duk suna kabari, saura tsohuwa ɗaya da ba ta fita ko ƙofar gida. Wannan ne ya fi tsaya masa a rai, da ya ga bashin ba mai bin sa.

Da aka sallame sallar asuba, ya riƙo hannun liman, ya sa aka kira baƙon. Suka taka har gindin tsamiya, ya nuna masa iyaka gabas da yamma, ya ce a je rumbu a ɗebo dami uku. Baƙon ya durƙusa ya tambayi nawa zai riƙa bayarwa in an yi girbi. Alhaji ya ce ya bari sai kaka ta yi, akwai wata magana da zai gaya masa gaban shaidu. Da ya koma gida ya yage shafin farko, ya fara salsalar daga Mai Jaki.

Sarauta dai ba ta zo masa ba. Wani aka naɗa, daga zuriyar manomin nan da ya share zaure, Alhaji kuma yana cikin waɗanda suka fara zuwa mubaya'a. Maroƙi bai dawo da riga ba.

Mai karatu, in akwai sauran tsoho a gidanku, je ka zauna kusa da shi tun yana iya magana. Ka tambaye shi daga ina kuka zo, ka kuma tambaye shi wa ya sauke ku.