Baƙo Da Ranar Ƙasarsa: Tsakanin Kewar Gida Da Ladabin Masauki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ɗauki misalin ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a birnin Fas na ƙasar Maroko, yana zaune a gidan wani dattijo ɗan'uwa a ɗariƙa. Hutun ƙarshen shekara ya zo, kuɗin jirgi ya gagara, sai ya zauna. Ranar 30 ga Yuli gari ya cika da jajayen tutoci masu koren tauraro, domin ita ce ranar tunawa da hawan sarkinsu gadon mulki. Ya taya mutanen gida murna, ya sha shayi da na'ana'a tare da su. Bayan kwana huɗu, 3 ga Agusta ta zo, ranar da Nijar ta karɓi ƴancin kanta a 1960, kuma ranar da aka saba dasa itatuwa a faɗin ƙasa. A Fas kuwa babu wanda ya san ana yi. Zuciyarsa ta yi nauyi, ya rasa abin yi: ya faɗa wa masu gida, ko ya haɗiye?

Wani zai ce muridi ba ya da ruwa da tuta. Ai an umarci mumini ya zauna a duniya kamar baƙo ko mai ƙetare hanya, kuma malaman hadisi sun bayyana cewa maganar nan da ta shahara, wadda ke sanya son ƙasa cikin imani, ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya inganta ya wadatar. Da Manzon Allah zai bar Makka, ya bayyana irin son da yake mata, ya kuma ce ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai fita ba. A Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Bilal, ya riƙa ambaton kwaruruka da duwatsun Makka. Annabi bai tsawata masa ba. Sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ke nan ba a nemi a cire son farko ba, an nemi zuciya ta yi faɗin da za ta ɗauki biyu.

Inda haɗarin yake shi ne nafsu, domin tana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko kunya: baƙo ya ɓoye asalinsa don yana ganin ƙasarsa matalauciya ce, kada a raina shi. Wannan butulci ne ga ƙasar da ya sha ruwan rijiyarta, ya ci geronta, ya yi karatun allo a tsangayarta, kuma kakanninsa ke kwance cikinta. Ta biyu alfahari: ya mai da ranar wajen gori, yana kushe abincin masu gida da ɗabi'unsu alhali hannunsa na cikin akushinsu. Allah Ya sanar a Suratul Hujurat cewa Ya yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna, kuma fifiko na ga taƙawa. Mai ɓoyewa ya hana a san shi, mai gori ya ƙi sanin kowa.

Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) kansa baƙo ne a Fas. An haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya, ya yi ƙaura zuwa Fas, Sarki Maulaya Sulaimana ya karɓe shi ya ba shi masauki, a can kuma ya rasu a 1815. Duk mai zuwa ziyara zawiyarsa yana cin albarkar baƙunci da aka riƙe da ladabi daga ɓangarori biyu.

Ɗalibin nan, bayan sallar la'asar, ya durƙusa gaban mai gida ya ce: "Baba, yau ranar ƙasarmu ce. A gida itace ake dasawa. In ka yarda, ina son in dasa ɗaya a gidanka." Dattijon ya ce: "Ɗana, me ya hana ka faɗa tun da safe?" Suka sayo dashen lemo, suka haƙa rami a tsakar gida, yara suka ɗebo ruwa. Uwar gida ta tambaye shi abin da mahaifiyarsa ke dafawa a irin wannan rana, ya kwatanta mata dambun zogale. Da aka gama wazifa, dattijon ya ɗaga hannu ya roƙa wa Nijar damina mai albarka da zaman lafiya, mutanen da ba su taɓa ganin Damagaram ba suka amsa da amin.

Ɗalibin zai gama karatu ya koma gida, wataƙila ba zai ɗanɗani lemon ba. Hadisi ya tabbatar cewa musulmin da ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi, sadaka ce aka rubuta masa. Kewar da ta kusa zama ƙunci a ƙirjinsa ta koma inuwa ga waɗanda suka ba shi ɗaki.

Allah Ya saka wa masu karɓar baƙi da alheri, Ya mai da matafiya gida lafiya, Ya zaunar da Nijar da sauran ƙasashen musulmi cikin aminci, albarkar Annabi (SAW). Amin.